Layi Na Biyu Ba Almubazzaranci Ba Ne

'Yan Arewa da yawa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Badun suna da ƙanne ko 'ya'ya a gida waɗanda suka yi karatu, suna yi wa kamfanonin Ikko aiki ta intanet daga ɗakunansu. Ana samun irinsu har a unguwar Bolewa cikin garin Potiskum. Sau da yawa yayan da ke Kurmi ne yake sayen na'urar intanet ya aika, kuma yakan zaɓi layin da ya ga yana da ƙarfi a inda yake zaune. To, a nan kuskuren yake. Ƙarfin layi a Agege ba shaida ba ne a kan ƙarfinsa a Bolewa.

Wanda abincinsa ya rataya a kan intanet bai kamata ya dogara da kamfani ɗaya ba. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da ofisoshi ta rikice a Nijeriya, amma ba duka kamfanoni ne abin ya shafa daidai da juna ba. Mai aikin da ya ɓace ranar da maigidansa ke nemansa, ba lalle a saurari uzurinsa ba.

Sai dai zaɓen layi na biyu yana bukatar lura. A shekarar 2025 kamfanin 9mobile, wanda ya koma T2, ya ƙulla yarjejeniyar amfani da hanyoyin sadarwar MTN. Saboda haka wanda ya haɗa waɗannan biyun yana iya tarar da sun ɗauke tare. Kamata ya yi a sayi sim na MTN, Airtel da Glo, a gwada kowanne a ainihin ɗakin da ake aikin, safe da dare, har da ranar Laraba da kasuwar shanu take cika garin da baƙi. Gani ya kori ji. Na'urar kuma ta kasance mai karɓar kowane sim, mai batir a jikinta, don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce.

Wasu za su ce kuɗin ya yi yawa, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Gaskiya ne. Amma layin ko-ta-kwana ɗan ƙaramin data ya ishe shi, muddin ana sabunta shi kada a rufe sim ɗin. Haka kuma gaskiya ne layi biyu ba su da amfani a irin halin da Yobe ta shiga a Mayun 2013, sa'ad da aka rufe duk layukan waya saboda dokar ta-ɓaci. Wannan kuwa ba kullum ba ne. Yankewar waya ita ce ta yau da gobe.

Mai aika na'ura gida ya fara tambayar mutanen gida tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.