Kama da wane ba ta wane: darasi daga kasuwar jatan lande

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane masu yawa da ke kiwon kifin teku da murjani mai rai cikin akwatin gilas a ɗakunansu, suna kashe kuɗi masu kauri a kai. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Ƙonni ko Ɗan Isa da wannan, mu da teku ta yi wa nisa? To, a yi haƙuri a saurara, don abin da ya faru a kasuwarsu ya shafi duk mai tallar haja da suna.

Babban abokin gabar masu wannan kiwo wata ƙaramar halitta ce mai kama da fure, ruwan ƙasa-ƙasa, masana na ce mata Aiptasia. Takan shigo a ɓoye jikin duwatsun da ake kawowa daga teku, tana da hannuwa masu harbi da ke ƙona murjanin da ke kusa da ita. Mugun halinta shi ne, in aka kankare ta, kowane ɗan guntun da ya rage a jikin dutse yana iya zama sabuwa. Mai neman kashe ɗaya sai ya wayi gari da tarin wasu.

Dabarar da ta yi suna ita ce a sako wani ɗan jatan lande mai jajayen zane, wanda ake tallarsa da sunan fefamint. Yakan fito da dare ya bi ramukan dutse yana cinye ta, ba a zuba guba a ruwa ba. Amma shekara da shekaru ana gardama: wani ya ce ya share masa akwati tas, wani ya ce nasa ko kallonta bai yi ba.

A 2006 masana biyu a jihar Fulorida, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka bayyana wani ɓangare na dalilin. Abin da ake ɗauka iri ɗaya ne, mai suna Lysmata wurdemanni, ashe iri-iri ne masu kama da juna, har suka raɗa wa huɗu sababbin sunaye. Ban da wannan, akwai wani jatan landen mai tozo kamar na raƙumi, wanda wasu shaguna kan sayar a madadin na gaskiya. Shi wannan ba aikinsa ba ne cin Aiptasia, murjanin ma yake tsinka. Mutum ya biya kuɗin mai gadi, an ba shi ɓarawo.

Ko na gaskiyar ma yana da sharuɗɗa. Ƙanana yake iya wa, manya sukan gagare shi. In yana ƙoshi da ragowar abincin kifi, ba ya wahalar da kansa. In kuma akwai kifi mai cin jatan lande a akwatin, shi ne zai zama kalaci. Mai shagon da bai faɗi waɗannan ba, rabin haja ya sayar.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga dabarar sa halitta ta yaƙi halitta. Tun cikin shekarun 2000 masu bincike na INRAN a Maraɗi suke kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, ana sakinsa daga ƴan buhunan da ake ratayewa a ƙauyuka don ya kashe tsutsar da ke huda zangarniyar gero. Yana aiki ne domin an san ainihin irinsa, an san lokacin sakinsa, an kuma gaya wa manomi kada ya bi shi da feshin guba.

Inda muke da saura shi ne bakin teburin kasuwa. Wa bai ga maganin ƙwari ana ɗura shi a tsofaffin kwalabe ba, babu takarda, babu awo, babu ranar lalacewa? Wa bai ga irin shuka ana ƙulla shi a leda da sunan wani iri daban ba? Mai saye ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Duk ɗaya ne, Alhaji." Wanda ya ba Ba'amurke jatan lande mai tozo, abin da ya faɗa masa ke nan da nasa harshen.

Bambancin shi ne can asarar ta tsaya ga murjanin ado, nan kuwa abincin iyali ne da mutuncin kasuwa baki ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar dichlorvos da aka samu a cikinsa. Hukuncin bai tsame wanda ya adana wakensa da tsabta ba. Mu da buhunan wake ke ratsa iyakarmu kullum, mun san in sunan haja ya ɓaci a wancan gefe, ciniki ya taɓu a wannan.

Za a ce ɗan tebur ba masani ba ne, yadda ya saro haka yake sayarwa. Gaskiya ne, amma tambayar dila daga ina kaya suka fito ba ta bukatar digiri, haka ƙin karɓar kwalba marar takarda. Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su sa doka a tsakaninsu: maganin ƙwari da irin shuka, a sayar da su cikin mazubinsu na asali, da sunansu, a kuma faɗa wa mai saye abin da suke yi da abin da ba sa yi. Malaman gona su ma su riƙa leƙowa ranar kasuwa su duba. Kada mu jira hukuma ta zo da ƙwace kafin mu gyara da kanmu.

Allah Ya ba mu ciniki na halal.