Motar Gida: Ku Nemi Wadda Za Ta Tashi Da Tsakar Dare A Watan Agusta



A ƙarƙashin rubutun makon jiya wata 'yar uwa daga Gwaram ta ajiye mini tambaya. Ta ce shekara biyu ke nan ita da maigidanta suna tarin kuɗin mota, har ta kwashi adashenta ta zuba a ciki. Suna da gona a ƙauyensu, inda sukan je su kwana biyu ko uku da yara lokacin kaka, kuma hanyar burji ce da yashi. Shi maigidan jif yake so, ita kuma shan mai take tsoro. Ta ce, "Anti nas, ke da kike yawon ƙauyuka, wace mota za mu saya?"

Ni dai ba makanike ba ce, allura da awon ciki na sani. Amma na ga yadda ake kawo mata asibiti: a kan babur, a amalanke, a bayan a-kori-kura an shimfiɗa tabarma. Sannan mu ma mun taɓa sayen mota mun yi da-na-sani. To, bari in fara da namu labarin.

Kafin a cire tallafin mai, baban yara ya je Kano ya dawo da wata jif mai silinda shida. Dillalin ya ce masa wannan ko dutse za ta hau. Farashinta ya yi ƙasa da na 'yan uwanta, ba mu tsaya mun tambayi dalili ba. Na yi guɗa, maƙwabta suka shigo sa albarka. A lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, don haka ba mu ji nauyinta sosai ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafi. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Jif ɗinmu ta koma ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a inuwarta, maigida ya koma hawa babur. Sai ranar Juma'a ko biki ake wanke ta a zuba mata lita biyar.

Wani dare cikin damina, wajen ƙarfe biyu, aka buga mana ƙofa. Matar maƙwabcinmu ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Na duba ta na ce a fito da mota yanzu-yanzu. Maigida ya murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu saboda daɗewa a ajiye, ko da ta tashi ma babu abin kirki a tanki. Wata tsohuwar Golf ta wani malamin makaranta a layinmu ce ta kai mu asibiti. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, amma mu da ke wannan aikin mun san zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu idan ba a tare shi ba. Da gari ya waye na ce, "Baban yara, motar nan ado ce kawai, a sayar da ita." Bai yi musu ba.

Don haka amsata a taƙaice ita ce: motar da ta fi dacewa da gida ita ce wadda aljihunku zai iya ciyar da ita kullum, har ta zama a shirye duk lokacin da aka buƙace ta. Sauran bayanin duk a kan wannan zai hau.

Ki fara da lissafin mai

Mota mai silinda huɗu irin Corolla mai injin 1.8 takan sha kusan lita 8 a kilomita 100 idan lafiyarta ƙalau. Mai silinda shida, irin Sienna ko manyan jif, takan sha lita 12 ko fiye. Bambancin lita 4 ke nan. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram da dawowa ya ɗan haura kilomita 100. Mu ɗauka a wata kuna yin kilomita 1,000, da kai yara makaranta da zuwa gona da ziyara, mu kuma ɗauka lita naira 1,000 ce don lissafi ya yi sauƙi. Bambancin ya zama naira 40,000 a wata, naira 480,000 a shekara. Uwargida, daga ina kike zaton wannan kuɗin zai fito? Daga cefanenki ne da kuɗin makarantar yara. Shi ya sa kike da ta cewa a wannan magana, ko da ba ki iya tuƙi ba.

Shin sai jif ce ke shiga ƙauye?

Ki tsaya a tasha ranar kasuwar Sara ki ga motocin da ke fitowa daga ƙauyuka shaƙe da buhuna. Yawancinsu Golf ne da Sharon da ire-irensu, masu ja da ƙafafun gaba kawai. Iyayenmu kuma da Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, suka ratsa waɗannan hanyoyi tun ba kwalta. Abin da hanyar burji ta fi buƙata shi ne tsayi daga ƙasa, da taya mai kyau, da direba mai haƙuri. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da amfani a yashi mai zurfi da taɓo, amma ta fi shan mai, gyaranta kuma ya fi tsada. Ku ƙirga da gaskiya: sau nawa a shekara kuke shiga inda ƙaramar mota ba za ta wuce ba? Idan sau uku ne ko huɗu, hayar a-kori-kura a waɗannan ranaku ta fi sauƙi a kan ciyar da jif wata goma sha biyu.

Ga waɗanda zan ce a duba, gwargwadon ƙarfin aljihu.

Corolla ta 2003 zuwa 2008. Ba ta da shan mai, kowane makanike a Birnin Kudu ya san cikinta, kayan gyaranta kuma cike suke a Ƙofar Ruwa a Kano. Aibinta biyu: tana da tsada saboda kowa na son ta, kuma idan aka cika ta da kaya cikinta na iya taɓa ƙasa a hanya mai kunya a tsakiya.

Toyota Matrix da Pontiac Vibe na waɗannan shekaru. Tagwaye ne, kuma injin Corolla ne a cikinsu. Abin da ya sa nake son su ga masu zuwa gona shi ne kujerun baya na kwanciya su yi shimfiɗa, a zuba buhuna da tabarmi da tukwane, ko a kwantar da mara lafiya ya miƙe ƙafa. Irinta muka saya bayan mun rabu da jif.

RAV4 ko CR-V masu silinda huɗu. Idan da gaske hanyar ƙauyenku ta fi ƙarfin ƙaramar mota, nan ya kamata ku tsaya. Sun fi tsayi, shan mansu kuma tsaka-tsaki ne, wajen lita 10 a kilomita 100. A lura, cikin RAV4 daga 2006 akwai masu silinda shida, don haka a buɗe gaba a duba. A kuma gwada giyar sosai, domin gyaran giyar otomatik na da tsada sosai.

Golf 3. Ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi, kuma ta ceci maƙwabciyata, ba zan raina ta ba. Sai dai mota ce ta shekarun 1990, ta tsufa, da yawa kuma sun sha wahalar haya. Idan ita ce daidai ku, a nemi wadda mutum ɗaya ya riƙe a gida.

Ranar da za a je saye

Kada maigida ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya dogara da makaniken da dillali ya kawo. Ku ɗauki naku ku biya shi kuɗin yininsa. Namu ya ce mini, "Malama, fenti ba ya tafiya, inji ne ke tafiya." Ga abin da na ga yana yi, na kuma rubuta a takarda:

A je da sassafe a tayar da motar tana sanyi. Inji mai matsala yakan ɓoye ta idan ya ɗumama.

A dubi hayaƙin salansa. Mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nufin tana zubar da fetur a banza. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inji.

A buɗe murfin baƙin mai. Idan aka ga abu kamar madara a jikinsa, a yi hattara.

A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya. Warin danshi, tsatsa ko busasshiyar laka alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa cinyewa. Irin wannan wayoyinta ba sa daina ba da wahala.

A leƙa ƙarƙashinta a ga ko tana ɗigar mai, a kuma tambaya ko abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi yana nan, domin akan cire shi a sayar.

A hau da ita hanyar burji a kashe rediyo a saurara. Ƙwanƙwasa daga ƙafafu kuɗi ne ke kira.

A karanta shekarun taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa na gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai goge ba. Zafin kwaltar watan Afrilu ba ya raga wa tsohuwar taya.

Sai takardu. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce muku sabuwar shigowa ce daga Kwatano, a tantance takardun kwastam ɗinta kafin a biya ko sisi. Lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a kuma canza sunan mai mota.

A nan ina da magana da ke, 'yar uwata ta Gwaram. Tunda kuɗin adashenki na ciki, a rubuta nawa kika zuba, ko bashi ne ko haɗin gwiwa ko kyauta, a gaban shaidu. Wannan ba rashin yarda da maigida ba ne, addininmu ma ya koyar da rubuta irin wannan. Rai ba a bakin komai yake ba, kuma ranar rabon gado takarda ce ke magana.

Sannan kada ku zuba duk abin da kuka tara a kan ciniki. Ku rage wani abu na taya, batir, juyen baƙin mai da gyaran burki. Babu tsohuwar motar da ba ta neman wani abu a watanta na farko.

Idan za a kwana a gona

Ko gona za ku, ko kai yara su ga zanen shanun da mutanen da suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa a nan Birnin Kudu, a tabbata akwai safaya mai iska, jak, igiya mai ƙarfi, shebur, tocila da jarkar ruwan sha. A ɗauki gidan sauro, gishirin ORS, farasitamol na yara da bandeji.

Abubuwa uku kuma nake roƙon ku a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Kada kowa ya yi barci a mota inji na aiki don a sha sanyin AC, domin hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci kawai mutum zai zarce da shi. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota da rana ko na minti kaɗan ne. Kada kuma a ajiye jarkar fetur a inda yara ke zaune. A kan hanya yara su zauna a baya da bel, ba a cinyar uwa a gaba ba.

Na ƙarshe shi ne ruwa. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu. Babu motar da ta fi ƙarfin ruwa. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, wanda ya haura gwiwa kuma yana tafiya da jif. Idan an yi ruwa mai yawa, a haƙura da tafiyar dare. Idan kuka tarar ruwa ya rufe hanya, ki buɗe baki ki ce a juya, ko da maigida zai ji haushi. Gara a kwana a hanya.

Tun daga wancan dare muka kafa doka a gidanmu: mota ba ta kwana da ƙasa da kwatan tanki, kuma makulli na da ƙusarsa a bayan ƙofa. Sau biyu ke nan ana buga mana ƙofa da dare bayan haka, kuma duka biyun ta tashi.

Ku da kuka riga kuka saya, wace iri ce, kuma ya take yi muku a hanyar ƙauyenku da damina? Ku rubuta a ƙasa don 'yar uwarmu ta Gwaram ta ƙaru. Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.