Labari Ko Wasa? Darasi Daga Shagon Gem

Wannan makon shagon gem zan kai mu.

Duk wanda ya taso a Kakuri ko Barnawa ya san yadda yara ke cincirindo a kan PS2 ana buga GTA San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004. Labarinsa mai nauyi ne: CJ ya dawo Los Santos bayan an kashe mahaifiyarsa, ga gurɓataccen ɗan sanda Tenpenny ya sa shi a gaba. Amma mu nawa muka san haka? Da an fara nuna bidiyon labari sai mu danna mu wuce. Kuɗinka na ƙonewa, mai shago na duba agogo, ga fargabar ɗauke wuta. Burinmu kawai mu zuba lambobin sirri, mu ɗauko tankar yaƙi, mu tara taurari shida.

Wasu za su ce rashin jin Turanci ne. Ban yarda ba. Tambayi duk wanda ya buga shi, zai tuna ranar da ya goya Big Smoke a babur suna bin jirgin ƙasa. Me ya sa? Domin da hannunsa ya faɗi, ya sake, ya kuma faɗi.

A GTA IV na 2008 an ƙara wa labari nauyi. Niko Bellic tsohon soja ne mai nadamar jinin da ya zubar, amma da an sakar maka shi sai ka bi ta kan masu tafiya a ƙafa da mota. Labari gabas, wasa yamma. Sai a GTA V na 2013 suka kawo Trevor, wanda haukarsa ta dace da ɓarnar mai bugawa.

Ra'ayina shi ne, duk labarin da zai sa ka ajiye hannun gem ka zuba ido ya zama fim. Gara a saƙa shi cikin abin da mai wasa ke aikatawa.

Mu ma abin ya shafe mu. Sau nawa muke tsayar da labari, jarumi ya yi shafi uku yana nasiha? Mai karatu ma tsallakewa yake yi, kamar yadda muka yi a shagon gem.

Ku fa, wane wuri kuka fi tsallakewa a littafi?