Kallon Kitse Ake Yi wa Rogo: Sikeli a Ƙofar Shiga Aikin Ɗan Sanda

A Ingila da Wales, inda rundunonin 'yan sanda 43 ke ɗaukar ma'aikata, mai neman aikin yakan tsallake siratsai da dama kafin ya ga kaki: jarrabawa, ganawa da masu tantancewa, binciken halinsa da tarihinsa, da gwajin gudu. Bayan duk wannan sai a tura shi duba lafiya, a auna tsayinsa, ya hau sikeli, a fitar masa da wata lamba da ake kira BMI, wato awon nauyi a kan tsayi. Rundunoni da yawa sun rubuta a fili cewa suna son lambar ta faɗa tsakanin 18 da 30. Wanda ya zarce, ko dai a jingine takardunsa har ya rage kilo, ko a ƙara masa wani bincike, ko a sallame shi. A ganina wannan sharaɗi lalaci ne na hukuma da aka sanya wa rigar likita, kuma ya kamata a cire shi daga ƙofar.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ninka tsayin mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Mai tsayin mita 1.75 da nauyin kilo 91 zai tashi da 29.7, ya wuce. In ya kai kilo 92, lambarsa ta haura 30, ya faɗi. Kilo ɗaya ke nan tsakaninsu, abin da tuwon dare da ruwan da aka sha a kansa ke iya ƙarawa. Babu wanda zai tsaya gaban jama'a ya ce na farkon zai iya bin ɓarawo da gudu, na biyun kuwa ba zai iya ba. Amma takardar da ke gaban ma'aikaciyar jinya hakan take faɗa.

Ya kyautu mai karatu ya san asalin lambar, domin yawancin kwarjininta daga rashin sanin asalin nata yake. Wanda ya fara lura da wannan dangantaka shi ne Adolphe Quetelet, ɗan ƙasar Beljiyam, a shekarun 1830. Masanin lissafi ne da taurari, bai taɓa zama likita ba. Abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin al'umma, kuma Turawan zamaninsa ya auna. Sunan da ake kiran awon da shi yau sai a 1972 ya samu, daga Ancel Keys, wani masanin aikin jikin ɗan Adam a Amurka, wanda ya gwada hanyoyi daban-daban a kan maza fiye da dubu bakwai, ya ga wannan ta fi sauran dacewa da nazarin jama'a masu yawa. Kayan aikin ƙidaya ne. Yana iya nuna maka cewa ƙiba na ƙaruwa a wani gari cikin shekara ashirin. Game da saurayin da ke tsaye a kan sikeli da safiyar Talata kuwa, abin da ya sani kaɗan ne.

Dalili shi ne sikeli bai san abin da yake aunawa ba. Tsoka da kitse da ƙashi da ruwa duk kilo ne a wurinsa, kuma tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya ne. Mike Tyson, a lokacin da yake sarautar damben duniya a ƙarshen shekarun 1980, tsayinsa mita 1.78 ne, nauyinsa kusan kilo 99. Lambarsa ta zarce 31. Da ya nemi aikin ɗan sanda a ƙarƙashin wannan sharaɗi, da an rubuta masa ƙiba. A ɗaya gefen kuma, akwai mutum mai siraran hannuwa da ƙafafu, wanda duk kitsensa ya taru a tumbi, inda ya fi haɗari ga zuciya, kuma inda ya fi jawo ciwon suga. Wannan yana iya tashi da 24, a buga masa hatimin ƙoshin lafiya. Awon yana yin kuskure ta fuska biyu, kuma waɗanda ya fi zalunta su ne masu ɗaga ƙarfe da 'yan wasan ƙarfi, irin mutanen da kowace runduna ke cewa tana nema.

Su kansu iyakokin ba daga sama suka sauko ba. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar abin da suke kira nauyi fiye da kima daga wajen 27 zuwa 25, miliyoyin mutane suka kwana lafiya suka wayi gari da sabon suna ba tare da sun ƙara ko giram ɗaya ba. A Ingila ma, hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya ta ce ga 'yan asalin kudancin Asiya da baƙar fatar Afirka da wasunsu, ƙiba tana farawa ne daga 27.5, saboda haɗarin ciwon suga yana riskarsu tun nauyi bai kai na Bature ba. To, wace lamba rundunar 'yan sanda za ta bi? In ta sa wa ɗan asalin Najeriya 27.5, ta sa wa Bature 30, ta nuna wariya a ɗaukar aiki, kotu ba za ta ƙyale ta ba. In ta sa wa kowa 30, ta yarda ke nan cewa lambar ba haɗarin lafiyar kowane mutum take aunawa ba. Ta kowace hanya aka bi, hujjar likitancin ta zube.

Masu kare sharaɗin suna da magana, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa Tyson ɗaya ne, kuma mafi yawan masu lamba 35 kitse ne da su. Gaskiya ne. Suna cewa runduna na ɗaukar mutum don shekara talatin ko fiye, kuma ciwon gwiwa da na baya da ritayar dole kuɗin jama'a suke ci. Wannan ma gaskiya ne. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce lamba ba ta san ɗan wane ba: sikeli ba ya karɓar na goro, ba ya amsa wayar babban mutum. Duk wanda ya san yadda ake raba gurabun aikin gwamnati a ƙasashenmu zai ji nauyin wannan magana.

Sai dai agogon gudu ma bai san ɗan wane ba, kuma rundunonin suna da shi a hannu. Gwajinsu shi ne kai-komo a tazarar mita 15 bisa ƙarar na'ura da ke ƙara sauri, kuma an daɗe ana neman a kai mataki na 5.4, abin da ke ɗaukar kimanin minti uku da rabi. Ana iya cewa gwajin ya yi sauƙi, ni ma haka nake gani, amma maganin wannan a tsaurara shi. Bayan rahoton Tom Winsor na 2012, an wajabta wa 'yan sandan da ke bakin aiki wannan gwaji duk shekara tun daga 2014. A nan maganar take. Wanda ya riga ya shiga, da gudunsa ake yi masa hukunci. Wanda ke bakin ƙofa kuwa, ya ci gudun, sannan a ce sikeli bai yarda ba. In lambar 30 ce ke raba mai iya aiki da wanda ba zai iya ba, me ya sa take daina aiki ranar da aka ba mutum kaki?

Inda aka gwada ɗora ta a kan waɗanda ke ciki, abin bai zo da sauƙi ba. Rundunar Filifin ta taɓa sanya BMI cikin sharuɗɗan ƙarin girma, a 2021 ta dakatar da shi. A jihar Assam ta Indiya, shugaban 'yan sanda G. P. Singh ya ba jami'ansa wata uku a 2023 kafin a auna su, ya ce mai 30 zuwa sama za a ƙara masa wata uku, in bai sauko ba a ba shi zaɓin ritaya. Wannan aƙalla bai bambanta sabo da tsoho ba, ko da yake kuskuren awon yana nan. Sanya wa'adi a kan kilo kuma yana koya wa mutane abin da 'yan dambe ke yi kafin awo: yunwa da ƙin shan ruwa na 'yan kwanaki, a hau sikeli, a koma gidan jiya.

Wasu rundunonin Ingila sun gane haka, shi ya sa in lamba ta haura sukan auna ƙugu ko yawan kitsen jiki kafin su yanke hukunci. Madalla. Amma in awon ƙugu ne ke raba gardama, me ya hana a fara da shi? Tef ɗin tela ya isa. NICE ta ba da shawara tun 2022 cewa ƙugun mutum kada ya kai rabin tsayinsa, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a dogara da BMI shi kaɗai wajen yi wa mutum hukunci. Likitoci sun matsa gaba, ofishin ɗaukar ma'aikata ne aka bari riƙe da tsohuwar takarda.

Irin wannan ta taɓa faruwa da tsayi. Birtaniya ta daɗe da soke sharaɗin tsayi ga 'yan sanda, kuma a 2017 Kotun Tarayyar Turai ta ce dokar Girka da ta sa mita 1.70 ga kowa tana tauye mata a fakaice, tun da ana iya gwada ƙarfin jiki kai tsaye. A Najeriya har yau sanarwar ɗaukar kurata tana neman mita 1.67 ga maza, 1.64 ga mata, da faɗin ƙirji santimita 86 ga maza. Tambayar da ta dace da BMI ita ce ta dace da waɗannan: wane aiki ne mai tsayin 1.66 zai kasa, wanda mai 1.67 zai iya? Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ya kamata ta amsa, kuma in wata rana aka kawo mata shawarar ƙara BMI a jerin don a yi kama da Turai, ta fara tambayar masu shawarar ko sun san likitocin Turan sun daina dogara da shi shi kaɗai.