Filin Mata: Kukan da ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

A wannan mako zancen mota zan yi muku. Kada ku ce ina ruwan mace, ai mu ake tarawa a kujerar baya, abin da zan faɗa kuwa a ƙarƙashinmu yake.

Bara da damina muka ɗauki amarya a Hiace daga Daura za mu kai ta Baure. Tun daga Zango nake jin wani kuka daga ƙasa, in direba ya ƙara gudu kukan ya ƙaru. Kunya ta hana ni magana. Can sai muka ji ƙara, mota ta tsaya cik. Amarya a gindin bishiya ta yi magariba, dangin ango suna can suna ta jira.

Washegari na tambayi bakanike. Ya nuna mini wata tukunyar ƙarfe tsakanin tayoyin baya, watau giyar baya. 'Yan makaranta, ku tuna in kuna maci a jere aka ce a juya, ta gefen waje sai ta buɗe ƙafa, ta ciki kuwa ta taƙaita. To, haka tayoyi suke a kwana. Haƙoran da ke cikin tukunyar nan su ke barin kowace taya ta yi gudunta. A cikin mai suke iyo, ba baƙin man inji ba, man giya ne mai kauri, galibi lamba 90, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Namu ya daɗe yana yoyo, ɗan abin da ya rage kuma ruwan kwari ya shige shi, har ya zama kamar koko.

Dubawa ba wuya. A tsai da mota a wuri mai daidai, a kwance noti na gefen tukunyar, a sa yatsa. In mai ya kai bakin rami, madalla. In za a canza, a fara kwance na zubawa tukuna, kada a tsiyaye tsoho sa'an nan na sama ya ƙi buɗuwa. Littafin mota yana faɗin lokacin canji, amma in an ratsa ruwa mai zurfi kada a jira. Tsohon man kuwa kada a zubar kusa da rijiya.

Golf da Corolla na yanzu yawanci tayoyin gaba ke jansu, ba su da wannan tukunya a baya. Hiace, Hilux da tsohuwar Fijo 504 suna da ita.

To, Uwargida, gobe in kin fito shara, leƙa inda Maigida ya kwana da mota. In kin ga ɗigon mai tsakanin tayoyin baya, gaya masa cikin ladabi kafin ya fita. In kuwa a hanya kika ji kukan nan, ce, "Direba, don Allah dakata." Ni dai ban ƙara yin shiru ba.

Sai mako mai zuwa.