Gidajen Leburori Da Suka Shiga Tarihi

Jama'a, a wannan mako za mu leƙa arewacin Ingila, wata unguwa da ake kira Saltaire a bayan garin Bradford. Babu fadar sarki a cikinta, babu kushewar wani jarumi. Abin da ke can shi ne gidajen ma'aikatan masaƙa fiye da 800, ginin dutse, a jere layi-layi, bango ɗaya ya raba mutum da maƙwabcinsa.

Wani attajirin ulu mai suna Titus Salt ya kafa ta. Da ya ga hayaƙi da ƙazanta sun addabi Bradford, sai ya kwashe sana'arsa zuwa bakin kogin Aire, ya buɗe masaƙa a 1853, ya gina wa ma'aikatansa gidaje da makaranta da asibiti, ya kuma hana a buɗe gidan giya. Sunansa da na kogin aka haɗa aka raɗa wa unguwar.

A shekarun 1960 hukumomin Ingila sun rushe irin waɗannan gidaje bila adadin, wai sun tsufa. Na Saltaire sun tsira, har bayan da masaƙar ta rufe a 1986. Gwamnati ta sa su cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, a 2001 kuma hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya.

To, amma wannan daraja tana da nauyi. Mutum ya sayi gida da guminsa, sanyin hunturu ya dame shi, amma ba shi da ikon canja taga ko ƙofa yadda ya ga dama sai da izinin hukuma. In ya yi gaban kansa, ya karya doka. Akwai masu ganin wannan takura ce, kuma ba za a ce ba su da hujja ba.

Ni dai a nawa gani dokar ta yi daidai. Da kowa ya fasa inda yake so, da yanzu babu abin da ya rage. Ƙasar da ta adana fadoji kaɗai ta adana rabin tarihinta ne, domin ɗakin da masaƙi ya kwana shi ma shaida ne. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.