Akwati Ko Kwari: Wanne Ya Fi Dacewa Da Sandar Sunuka?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana ita ta sa na ɗauki alƙalami don in yi wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu bayani a kan wani ɗan abu da ke neman ɓacewa a ƙasar Amurka, watau akwatin da masu wasan tebur suke ajiye sandarsu a ciki. Na san wani zai ce, to, mu ina ruwanmu da akwatin Amurkawa? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin a ganina labarin akwatin nan ya shafi yadda kowannenmu yake riƙon kayansa.

Da farko bari in gabatar da wasan. Yawancinmu mun taɓa ganin teburin nan mai koren ƙyalle da ramuka shida, wanda ake zungurar ƙwallaye a kansa da doguwar sanda. A garuruwanmu duk sunuka muke ce masa, alhali kuwa iri biyu ne manya. Sunuka ta ainihi hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago ta a garin Jabalpur na ƙasar Indiya cikin 1875. Tsawon teburinta ƙafa 12 ne, ƙwallayenta 22. Ɗaya wasan kuwa, wanda ake kira ful, shi ne Amurkawa suka riƙa. Teburin gasarsa ƙafa 9 ne, ƙwallayensa 16. Wanda samari ke yi a bakin titi a wajenmu ya fi kama da na Amurka ɗin.

A wasannin nan biyu, gwani ba ya yarda ya ɗauki sandar haya da ke jingine a bango. Tasa yake zuwa da ita. Sandar ful tsawonta wajen inci 58 ne, watau kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuwa tsakanin oza 18 da 21. Gida biyu take rabuwa: akwai gindi mai kauri wanda ake riƙewa, akwai kuma siririn kai wanda aka manna wa 'yar fata a tsininsa, inda ake goga alli. Ana murɗa su su haɗu a tsakiya. Da itace ake yin yawancinsu, itace kuwa kowa ya san halinsa: zafi da laima suna tanƙwara shi, ƙaramin bugu yana bar masa tabo. Sandar da ta tanƙware sosai ta tashi daga aiki. Saboda haka tilas a nema mata mazauni.

Mazaunin da aka saba da shi a da shi ne akwati. Dogo ne siriri, na katako, an lulluɓe shi da fata ko leda, yana da hinji a baya da 'yan sakatu biyu ko uku a gaba, da mariƙi a gefe. In aka buɗe shi sai ya wangale kamar littafi, ka ga gindi da kai suna kwance kowanne a gurbinsa, a kan shimfiɗar karan-miski, ga ɗan lungu na ajiye alli. Wanda ya zo ya ture shi kuwa ni na raɗa masa suna kwari, don da kwarin maharba ya yi kama. Bututu ne na roba ko na soso mai tauri, an naɗe shi da fata ko leda, yana da murfi a ka. Ta sama ake zura sanda kamar yadda maharbi ke zura kibiya, sa'an nan a rataya shi a kafaɗa. Tun cikin shekarun 1970 irin wanda ake kira Fellini ya yi suna a Amurka, daga baya wasu kamar Instroke suka biyo. Yau in mutum ya kalli gasar ful a talabijin, da wuya ya ga ɗan wasa ɗaya riƙe da akwati.

Ba zan yi wa kwari ƙarya ba, da dalili ya ci kasuwa. Dalili na farko shi ne yawan kaya. A da sanda ɗaya ta ishi mutum. Yanzu ɗan gasa yana da sandar wasa, da wata ta musamman don bugun farko mai tarwatsa ƙwallaye, da wata gajeriya don sa farar ƙwallo ta yi tsalle, ga kuma kawuna na canji. Shi ya sa ake sayar da kwari da lissafi: mai cin gindi biyu da kai huɗu, ko mai cin gindi uku da kai biyar. Akwatin da zai ɗauki wannan kaya sai ya zama adaka. Dalili na biyu shi ne sauƙin ɗauka. Kwari a kafaɗa yake, hannu biyu suna sake, kuma a tsaye ake jingine shi, ba sai an nemi fili an kwantar da shi ba kafin a buɗe. Dalili na uku shi ne kasuwa. Bayan fitowar fim ɗin The Color of Money a 1986, wanda Paul Newman da Tom Cruise suka fito a ciki, wasan ful ya sake farfaɗowa a Amurka, aka buɗe sababbin gidajen wasa, mutane da yawa suka sayi sandar kansu. Yanka bututu a naɗe shi da leda ya fi sauri da araha bisa a zauna a fere katako a daidaita murfi. Har wa yau, akwatunan araha da suka cika kantuna su ma sun ɓata wa akwati suna: katakonsu sakayau, sakatarsu takan ɓalle a hanya, sanda ta zubo ƙasa.

Duk da haka ina nan a kan ra'ayina cewa barin akwati ya mutu hasara ce, ga kuwa hujjojina.

Hujja ta farko, akwati ba ya ɓoye komai. Gani ya kori ji. Duk sa'ad da mai sanda ya buɗe shi, yana ganin sandarsa daga gindi har tsini, yana kuma ganin shimfiɗar da take kwance a kai. In ƙura ta shiga sai ya kakkaɓe, in tsakuwa ta faɗa sai ya tsince. Kwari kuwa rami ne mai zurfin inci talatin, ido ba ya kai wa ƙasansa, hannu ma haka. Kowace rana sanda tana komawa ciki da garin alli a tsininta, garin nan yana taruwa a ƙasa da jikin bututu. Allin sunuka kuwa an yi shi ne da kaushi don ya kama ƙwallo. Ashe ke nan duk zurawa da zarowa, sanda tana gogar abin da ke cin ta, mai ita bai sani ba.

Hujja ta biyu, a cikin akwati ajiye sanda ake yi, a cikin kwari kuwa sakinta ake yi ta faɗa. In ƙasan bututun ba shi da isasshen soso, mahaɗin sanda ko tsininta shi ke shan bugu. In kuma aka manta murfi a buɗe aka sunkuya, sai kaya su sulale ƙasa. Kwari mai kyau ya magance waɗannan, amma mai kyan yana da tsada, kuma ba shi yawancin masu koyo ke saye ba. Araha ba ta ado.

Hujja ta uku ita ce ta fi damuna, watau gyara. Akwati aikin kafinta ne da baduku, kuma duk abin da ke jikinsa a fili yake. Hinji ya karye, a kwance a sa wani. Sakata ta saki, a canja ta. Shimfiɗa ta tsufa, a ɓamɓare a manna sabuwa. Ta haka akwati ɗaya yakan yi wa uba aiki ya kuma yi wa ɗansa. Cikin kwari kuwa a rufe yake ruf. Ran da shimfiɗar bututun ta yage ko zif ya lalace, sau da yawa kuɗin gyara ya fi na sabo, sai a jefar. Wannan hali na a saya, a more, a yar, shi ne ciwon zamaninmu, kuma bai tsaya ga masu sunuka ba.

Kada wani ya ce ai zamani ne ya wuce akwati. Mu dubi Ingila. A can gasar duniya ta sunuka, wadda ake yi a zauren Crucible na birnin Sheffield tun 1977, har yanzu dogon akwati ne a hannun 'yan wasa, na fata ko na alminiyam. Dalili kuwa shi ne sandarsu ko dai guda ce ba mahaɗi, ko kuma mahaɗin yana can kusa da gindi, kuma galibi ita kaɗai mutum yake wasa da ita shekara da shekaru. Inda ake ɗaukar sanda abokiyar zama, akwati bai mutu ba. Inda ake canja ta kamar riga, nan ya mutu.

Wanda ke shakkar darajar sanda ga mai ita, ya ji labarin Stephen Hendry, mutumin Sikotilan. Da sanda ɗaya, wadda aka saya masa fam 40 yana yaro, ya ci gasar duniya har sau bakwai tsakanin 1990 da 1999. A 1990 an sace ta, sai da aka sa ladan fam 10,000 ga wanda ya dawo da ita, aka kuwa same ta. Ku duba, sandar fam 40 ce fa aka sa wa wannan lada. A 2003 kuma, yana dawowa daga ƙasar Tailan, sandar ta karye a cikin kayan jirgin sama. Tun bayan harin 11 ga Satumba na 2001 aka tsananta dokar abin da fasinja zai shiga da shi jirgi, a Amurka ma har yau ba a yarda a shiga da sandar ful a hannu ba, sai dai ta bi sauran kaya. Wannan ya nuna mana cewa mazaunin sanda ba abin ado ba ne kurum. Haka kuma ya kamata a sani, akwati ne ko kwari, in aka bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana, itacen da ke ciki zai ji jiki.

Wasu za su kawo maganar sababbin kawunan sanda na zaren kabon, irin wanda kamfanin Predator ya fitar a 2016, waɗanda laima ba ta tanƙwara su kamar itace. Gaskiya ne. Amma gindin yawancin sanduna har yanzu itace ne, kuma a nan gwanintar masassaƙi take. Sandunan da George Balabushka ya sassaƙa a birnin New York kafin rasuwarsa a 1975, yau masu tara kayan tarihi suna sayensu da dubban daloli. Abu mai irin wannan daraja ya cancanci wurin da za a kwantar da shi a hankali, a kuma iya dubansa ba tare da an ja shi ta cikin rami ba.

To, mene ne shawarata? Ban ce a zubar da kwari ba. Mai yawon gasa da sanduna uku ya rataya kwarinsa, shi ya dace da shi. Amma mai sanda ɗaya, wanda ita ce dukiyarsa, akwati mai ƙwari ya fi masa. Masu kantuna su daina mai da akwati kayan araha na yara, masu sana'ar hannu kuma su ci gaba da yinsa, su gyara inda ya gaza, su sa masa sakata mai ƙarfi da maratayi. Mu ma nan muna da abin cewa. Ƙasar da dukawanta ke ɗinka kube da kwari tun kaka da kakanni, ƙasar da fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, ba ta rasa hannun da zai iya wannan aiki ba. Ɗalibin da ya mai da hankali a darasin sassaƙa yana iya haɗa irin wannan akwati da 'yan katakai da hinji biyu.

Ga iyayenmu kuma, kada ku ɗauka ina kiran 'ya'yanku su bar karatu su tare a teburin sunuka, balle su shiga cacar da wasu ke ɓata wasan da ita. Abin da nake kira gare shi shi ne tattali. Mu 'yan makaranta mu dubi akwatin kayan lissafinmu, da littattafanmu, da adakar da muke zuwa da ita makarantar kwana. Nawa ne daga cikinmu suke buɗewa su duba, su share, su gyara abin da ya saki tun bai karye ba? Yaron da ya saba yar da abu don ɗan ƙaramin lahani, in ya girma aka ba shi amanar kayan jama'a haka zai yi musu.

Daga ƙarshe, ina kira ga duk wanda zai sayi wani abu, jakar makaranta ce ko keke ko mazaunin sanda, ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya biya kuɗi. Shin zan iya ganin cikinsa in tsabtace shi? Shin in ya lalace akwai mai gyara shi a garinmu? In amsar duka biyun i ce, to, ya saya ko da tsohon yayi ne.